Fashin baƙi: Sikeli ko agogon tsere, wanne ke faɗin gaskiya kan jikin ɗalibi ɗan wasa?

Shin nauyin da sikeli ya nuna ne ke raba wanda zai ci tsere da wanda zai sare a hanya? Idan kuma aka tarar yarinya 'yar tsere ta fi sa'anta namiji kitse a jiki, aibi ne da za a gyara, ko kuwa haka halittar take?

Tambayar takan taso a Legas duk shekara a zangon karatu na biyu, daga Janairu zuwa Maris, lokacin da makarantu ke shirin gasar gidaje wadda yara ke kira inta-haus. A 'yan makonnin nan malamin wasanni ne sarki, kuma da ido ake yanke wa yara hukunci: wannan ya yi teɓa, waccan ta yi nauyi, wancan siriri ne kamar sillen kara, a ba shi dogon zango. Bana maganar ta zo har ƙofar gidanmu a Agege. Maƙwabcina mai sana'ar albasa a Mile 12 ya tare ni bayan sallar isha'i ya ce, "Malam, kai da kake karance-karance, ka taya ni duba lamarin yarinyar nan. Ta daina karyawa da safe. Wai malaminsu ya ɗora su a sikeli, ya ce sai ta rage kilo biyar kafin gasa." Shekarunta 15, mita 400 take gudu, kuma ko da ido ba za ka kira ta mai ƙiba ba. Na tambaye shi ko gudun nata ya ƙaru tunda ta fara wannan horon yunwa. Ya ce ina fa, jiri ma take yi.

Ba zan ɗora wa malamin laifin duka ba, domin abin da ya faɗa shi ne abin da gari ya ɗauka. Bari mu warware shi daki-daki.

Me ake nufi da ƙirar jiki?

Duk wanda ya taɓa sayen ragon layya ya riga ya san rabin wannan ilimi. Raguna biyu za su iya zuwa nauyi ɗaya, a yanka wannan a sami nama jawur, a yanka wancan a tarar da kitse da ruwan ciki. Shi ya sa mahautan Oko-Oba ba sa tsayawa ga girman dabba, sai sun kai hannu sun taɓa gadon baya. Jikin ɗan Adam ma haka yake. Kilo 60 da sikeli ya nuna tarin abubuwa ne: tsoka, ƙashi, kitse, jini, ruwa, kayan ciki, har da tuwon daren jiya. Masana kimiyyar wasanni sukan raba wannan tari gida biyu, kitse a gefe guda, duk abin da ba kitse ba a ɗaya gefen. Rabon da ke tsakanin gidajen nan biyu shi nake nufi da ƙirar jiki a wannan rubutu, ba siffar da ido ke gani ba.

A ɗauki ɗalibai mata biyu, kowacce kilo 60. Ta farko kashi 18 cikin 100 na jikinta kitse ne, wato kilo 10.8, sauran kilo 49.2 tsoka ce da ƙashi da ruwa. Ta biyu kashi 30 ne, wato kilo 18 na kitse, saura kilo 42. Sikeli zai rantse cewa ɗaya suke, alhali tsakaninsu akwai kilo 7.2 na abin da ke tura jiki gaba.

Ita tsoka ta fi kitse cushewa. Lita ɗaya ta tsoka takan kai kusan kilo 1.06, ta kitse kuwa kusan kilo 0.9. Saboda haka yarinyar da ta yi wata uku tana atisaye za ta iya ƙara nauyi a sikeli, siket ɗin makarantarta kuma ya yi mata yawa a ƙugu. Wanda bai san wannan ba sai ya ce ta yi ƙiba.

Kuma kitse ba abokin gaba ba ne. Akwai wanda jiki ba ya rayuwa sai da shi, wanda ke cikin ƙwaƙwalwa da jijiyoyi da ɓargo, da wanda ke kare gaɓoɓin ciki. Ga namiji wannan kitse na dole kashi 2 zuwa 5 ne cikin 100 na nauyinsa, ga mace kuwa kashi 10 zuwa 13. Tun a nan tafiya ta bambanta. Jadawalin da masu horaswa suka fi amfani da shi yana sa manyan 'yan wasa maza tsakanin kashi 6 zuwa 13, mata tsakanin 14 zuwa 20. Ma'ana, adadin da zai zama daidai ga namiji ɗan tsere, ga mace bakin rami ne.

Lissafin BMI da inda yake yaudara

Wasu makarantu da asibitoci sukan wuce sikeli su yi lissafin da ake kira BMI: a ɗauki nauyi a kilo, a raba shi da tsawo a mita bayan an ninka tsawon da kansa. A ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya na manya, ƙasa da 18.5 rama ce, 18.5 zuwa 24.9 daidai, 25 zuwa 29.9 nauyi ya yi yawa, 30 zuwa sama ƙiba. Asalin lissafin na wani masanin ƙidaya ne ɗan Beljiyam mai suna Adolphe Quetelet, a shekarun 1830, kuma don nazarin al'umma ya yi shi, ba don duba mutum ɗaya ba. Sai a 1972 Ba'amurke Ancel Keys ya raɗa masa sunan da aka san shi da shi yau.

Lissafin bai san tsoka ba, bai san kitse ba. Ɗalibin jami'a mai kokawa, tsawonsa mita 1.75, nauyinsa kilo 80, zai fito da 26.1, takarda ta ce nauyinsa ya yi yawa, alhali ko tsunkulin kitse da ƙyar za ka samu a cikinsa. Ga yaran da ba su gama girma ba kuwa, waɗancan lambobi na manya ma ba su shafe su ba, jadawalinsu daban ne, na shekaru da jinsi.

Akwai hanyoyin da suka fi wannan. Akwai matsen da ake kama fata da shi a wurare da dama a auna kaurin kitsen da ke ƙarƙashinta, mai arha ne amma sai a hannun wanda ya ƙware. Akwai sikelin zamani da ke tura 'yar wutar lantarki cikin jiki, irin wanda ake gani a gidajen motsa jiki, sai dai shi ruwan jiki yake bi ya yi ƙiyasi, don haka ka hau shi da safe ya faɗi wani abu, ka hau bayan ka yi gumi ya faɗi wani. Akwai na'urar DXA ta manyan asibitoci, wadda ke raba ƙashi da tsoka da kitse, amma kuɗinta ba na ɗan makarantar gwamnati ba ne. Ko ita ɗin ma ƙiyasi take bayarwa.

Inda namiji da mace suka rabu

Kafin balaga bambancin bai taka kara ya karya ba. Je ka firamare ranar gasa, za ka ga 'yar aji huɗu ta bar samarin ajinsu a baya suna haki. Balaga ce ke raba hanya.

A jikin namiji sinadarin testostaron yakan hau har ya ninka na mace kusan sau 15. Shi ke ƙara tsoka, musamman a kafaɗa da ƙirji da hannu, ya tsawaita ƙashi, ya ƙara girman zuciya da huhu, ya kuma ƙara himogulobin, wato abin da ke ɗaukar iskar oksijin a cikin jini. Shi ya sa ma ma'aunin ƙarancin jini ya bambanta: ƙasa da giram 13 a kowace desilita ga namiji, ƙasa da 12 ga macen da ba ta da ciki. A jikin mace kuwa istrojin ne ke jan ragama. Ƙugu ya buɗe, kitse ya taru a cinya da ƙugu da ƙirji, jinin al'ada ya fara. Jikin yana shirin wani aiki ne da ya fi tseren mita 400 girma.

Sakamakon yana nan a littafin tarihi. A mita 100 bajintar duniya ta maza daƙiƙa 9.58 ce, ta Usain Bolt a 2009, ta mata kuma 10.49, ta Florence Griffith-Joyner a 1988. Ratar ta kusa kashi 10 cikin 100, kuma a yawancin tseren ƙafa tsakanin 10 zuwa 12 take tsayawa. A dogon tsalle ta fi faɗi: mita 8.95 na Mike Powell a 1991, da 7.52 na Galina Chistyakova a 1988. Dalilin raba gasar maza da ta mata ke nan, shi ya sa kuma dalmar da maza ke jifa kilo 7.26 ce, ta mata kilo 4.

Kada dai wani ɗan majalisar bakin titi ya karanta wannan ya hau dokin zuciya. Ratar tsakanin gwani da gwana take. Mita 7.12 da Chioma Ajunwa ta tsallake a Atlanta a 1996, ta kawo wa Najeriya zinaren Olamfik na farko a wasan mutum ɗaya, ko an haɗa wa yawancinmu tsalle biyu da ƙyar mu kai.

Abin da ya fi shafar makarantunmu shi ne lokacin da sauyin ke zuwa. Yaro ɗan shekara 14 balaga kyauta take ba shi, ko bai yi wani atisayen kirki ba gudunsa na ƙaruwa. Yarinya kuwa, a daidai shekarun nan jikinta ke ƙara kitsen da ya zama dole, ƙugunta na sauya yadda take taka ƙasa, don haka gudunta kan tsaya cik na wani lokaci, wani sa'in ma ya ɗan ja baya. Mataki ne da ake wucewa idan aka ci gaba da atisaye da cin abinci. Amma a nan ne malamin da bai sani ba yake ɗauko sikeli, ya auna yarinya da mudun yaro, ya ce matsalar kitse ce. A nan ne kuma 'yan mata da yawa ke ajiye wasan gaba ɗaya, suna zaton baiwar ce ta ƙare.

Wani bambancin da ya cancanci a kula da shi yana gwiwa. A ƙwallon ƙafa da ƙwallon kwando mata sun fi maza tsinkewar jijiyar da ke riƙe tsakiyar gwiwa, aƙalla ninki biyu. Maganin wannan ba rage nauyi ba ne, ƙarfafa cinya da ƙugu ne da koyon yadda ake dira bayan tsalle. Akwai tsarin ɗumama jiki na kusan minti 20 mai suna FIFA 11+, kyauta ne a intanet, wanda aka gwada a kan 'yan mata masu ƙwallo a Norwe aka ga raunuka sun ragu da kusan kashi ɗaya cikin uku.

Kowane wasa da jikin da yake nema

Wanda ya leƙa gasar jami'o'i ta NUGA da Jami'ar Legas ta karɓi baƙuncinta a Akoka a 2022, ko ya zauna a filin Teslim Balogun ranar tsalle-tsalle da guje-guje, ya san babu wani abu wai shi jikin ɗan wasa guda ɗaya. Mai dogon zango siriri ne, domin duk kilon da ke jikinsa sai ya ɗauke shi kilomita bayan kilomita. Mai mita 100 murɗaɗɗe ne, ƙarfin fizga yake nema. Mai jifan dalma irin Chukwuebuka Enekwechi gingimeme ne, nauyi ma taimakonsa yake yi. A ƙwallon ƙafa kaɗai ka dubi ƙirar Ahmed Musa ka dubi ta Victor Osimhen, kowa ya ci abinci da irin tasa.

To gaskiya ne, a wasannin da mutum ke ɗaukar jikinsa, gudu da tsalle, kitsen da ya wuce kima kaya ne. Wannan ɓangaren maganar masu horaswa ba ƙarya ba ne. Inda kuskuren yake shi ne zaton cewa tunda raguwa kaɗan ta taimaka, raguwa da yawa za ta fi taimakawa. Kowane jiki yana da iyakar da in aka wuce ta gudu ke fara lalacewa, kuma iyakar wannan ba ita ce ta wancan ba. Ƙirar jiki ma abu ɗaya ce cikin abubuwa da yawa. Daƙiƙa 12.12 da Tobi Amusan ta yi a tseren tsallake shinge a 2022, ta kafa bajintar duniya, ba sikeli ne ya ba ta ba. Shekaru ne na koyon taku uku tsakanin shinge da shinge.

Yaron da ya riga sa'o'insa girma

'Yan mata sukan yi tsawon farat ɗaya wajen shekara 11 zuwa 12, maza wajen 13 zuwa 14, amma yara biyu 'yan aji ɗaya za su iya bambanta da shekara biyu ko uku a wannan agogo. Wanda ya riga balaga shi ake ɗauka a ƙungiyar makaranta, shi ake kai wa gasar ƙwallon sakandare ta Principals' Cup, ɗan tsurut ɗin kuma ya zauna a benci yana riƙon ruwa. Bayan shekara uku sai ka ga an yi canjin wuri. Ba a sanin maci tuwo sai miya ta ƙare. Wannan daban yake da satar shekaru, wadda ta sa FIFA ta fara ɗaukar hoton ƙashin wuyan hannu a gasar 'yan ƙasa da 17 da Najeriya ta karɓa a 2009. Nan shekarun gaskiya ne, jikin ne bai zo lokaci ɗaya ba.

Idan abinci ya kasa aikin da ake ɗora wa jiki

A ganina nan ne asalin matsalar yaranmu take, kuma ita ce aka fi yin shiru a kanta. Da ruwan ciki ake jan na rijiya. Abincin da ɗalibi ya ci gida uku yake tafiya: atisaye, girma, da gudanar da jiki, wato bugun zuciya, gina ƙashi, yaƙi da cuta, aikin ƙwaƙwalwa a aji. Atisaye yakan ɗebi nasa da ƙarfin tsiya. Idan abin da ya rage bai isa ba, jiki sai ya fara kashe fitilun wasu ɗakuna don ya tsira, kamar mai ƙaramin janareta da ke cire firiji don fanka ta juya.

Masana suna da lissafin wannan. A cire abin da atisaye ya ƙone daga abin da aka ci, a raba saura da nauyin jikin da ba kitse ba. Da kalori ake auna ƙarfin da abinci ke bayarwa. Kalori 45 ga kowane kilo a rana shi ake ɗauka wadatacce, ƙasa da 30 kuwa a nan matsaloli ke fara bayyana, musamman ga mata. A ɗauki yarinya mai kilo 55, kashi 20 kitse, wato kilo 44 ba kitse ba. Ta ci kalori 1,800, atisaye ya ƙone 600, saura 1,200. A raba da 44, an sami 27. Ta faɗa ƙasan layi, alhali a gida kowa na ganin tana cin abinci. Don ta kai 45 sai ta ci kusan 2,580. Ita kuma aka ce wa ta daina karyawa.

Fitilar farko da jikin mace ke kashewa ita ce al'ada. Wasu 'yan wasa sukan ɗauki ɗaukewarta a matsayin alamar sun ƙware, wasu kuma kunya da tsoron zargi ke hana su faɗa wa ko da iyayensu mata. Ƙa'idar likitoci a fili take: wata uku ba al'ada, ko yarinya ta kai shekara 15 ba ta fara ba, a je asibiti. Dalilin damuwar ƙashi ne. Idan istrojin ya sauka ƙashi ba ya ginuwa yadda ya kamata, kuma kusan kashi 90 cikin 100 na ƙarfin ƙashin da mutum zai rayu da shi ana tara shi ne kafin shekara 20. Abin da aka rasa a lokacin da wuya a mayar da shi duka. Sai ka ji yarinya na kukan ciwon ƙwauri da ba ya jin man zafi, ashe ƙashin ne ya tsage a hankali.

Tun 1992 likitocin wasanni a Amurka suka haɗa waɗannan uku, ƙarancin abinci da ɗaukewar al'ada da raunin ƙashi, suka ce ciwo ɗaya ne. A 2014 Kwamitin Olamfik na Duniya ya faɗaɗa bayanin ya kira shi RED-S, domin an gano maza ma yana kama su: testostaron ya sauka, gajiya ba dalili, mura ta ƙi ci ta ƙi cinyewa, rauni ya ƙi warkewa, fushi da rashin barci. A bayanin da kwamitin ya sabunta a 2023, shawarar ita ce kada a riƙa auna kitsen 'yan wasan da ba su kai 18 ba sai da dalilin lafiya.

Mu a nan ba sai yaro ya ƙi abinci da gangan ba. Wanda ya fito daga Idi-Araba ko Ojo tun asuba da shayi da guntun burodi, ya sha cunkoson hanya, ya yi aji har azahar, ya shiga fili da la'asar, ya riga ya shiga wannan hali ko da bai taɓa ganin sikeli ba.

Sai ƙarancin jini. Yarinya mai shekara 14 zuwa 18 tana buƙatar miligiram 15 na ayon, sinadarin da jiki ke gina jini da shi, a rana, sa'anta namiji 11, babbar mace 18, babban namiji 8. Ga jinin wata, ga zazzaɓin cizon sauro da ke fasa ƙwayoyin jini. Yarinyar da ke haki tun zagayen farko, kafin a ce ta yi nauyi, gwajin PCV, wato na auna yawan jini, ya kamata a fara yi mata. Shi da gwajin jinsin jini, tunda kusan ɗaya cikin huɗu na 'yan Najeriya AS ne, wato sun gaji ƙwayar halittar sikila daga ɓangare ɗaya na iyaye, kuma mai AS yana wasa lafiya lau amma yana buƙatar ruwa da hutu idan atisaye ya tsananta cikin zafi.

Abin da kowane ɓangare ke cewa

Masu horaswa suna cewa su ake tambaya idan ba a ciyo kofi ba, kuma sun ga da idonsu yaron da ya rage teɓa ya ƙara gudu. Haka ne. Amma wanda ya rage da gaske ta hanyar atisaye da gyaran abinci cikin watanni daban yake da wanda aka matse cikin mako uku. Yawancin abin da ke fita da sauri ruwa ne da makamashin da tsoka ta adana, domin kowane giram na wannan makamashi yana riƙe da kusan giram uku na ruwa. Sikeli ya sauka, tankin mai ne ya zama fanko. Ni dai ban ga hujjar ɗora yara a sikeli a gaban 'yan ajinsu ana kiran lamba da ƙarfi ba, ko da wace niyya aka yi.

Iyaye kuma nasu tsoron daban ne, musamman kan 'ya mace. Wai wasa zai mayar da ita kamar namiji, wai zai hana ta haihuwa. Na farkon testostaron ya riga ya amsa shi, jikin mace ba ya tara tsoka irin ta namiji don ta ɗaga ƙarfe sau biyu a mako, sai dai ta yi ƙarfi. Na biyun kuwa, gudu ba ya hana haihuwa. Yunwar da ke tare da gudun ce ke ɗauke al'ada, kuma galibi takan dawo idan abinci ya wadata. Shelly-Ann Fraser-Pryce ta Jamaika ta haihu a 2017 ta dawo ta ci mita 100 ta duniya a 2019. Faith Kipyegon ta Kenya ta haihu a 2018, ta ci zinaren Olamfik sau biyu bayan nan. Maganar sutura ita ma ta sami sauƙi, tun 2014 dokar ƙwallon ƙafa ta amince da rufe kai a fili, kuma a 2022 Kotun Ƙoli ta tabbatar wa ɗalibai 'yancin sa hijabi a makarantun gwamnatin Legas.

Gajeriyar hanyar da ke ƙarewa a asibiti

Yaran da kansu wayar hannu ce malamarsu. Samari na son damtse, 'yan mata wasu na son shafaffen ciki, wasu na son cika. Shayin rage tumbi da ake tallatawa a Instagram yawancinsa maganin zawo ne ko na sa fitsari, ruwa yake fitarwa ba kitse ba. Ƙwayoyin ƙiba da ake kira sha-ka-fashe, irin su dexamethasone, kumburi da kitse suke kawowa, suna kuma cinye tsoka da ƙashi idan aka daɗe ana sha. Allurar gina tsoka kuwa tana iya rufe wuraren da ƙashi ke tsawo a jikin yaron da bai gama girma ba, ya tsaya a nan ke nan. Ga wanda ke mafarkin wakiltar ƙasa akwai ƙarin hatsari: hukumar WADA, mai yaƙi da ƙwayoyin ƙara kuzari a wasanni, ta haramta magungunan sa fitsari da na gina tsoka a kowane lokaci, ta kuma sa tramadol cikin jerin haramtattu a lokacin gasa tun 1 ga Janairun 2024.

Me aljihun talaka zai iya?

Ɗan wasa yana buƙatar furotin, wato sinadarin gina jiki, giram 1.2 zuwa 2 ga kowane kilo na jikinsa a rana, wato giram 72 zuwa 120 ga mai kilo 60. Ƙwai ɗaya giram 6 ne, don haka ba da ƙwai kaɗai za a kai ba, kuma ba sai an sayi garin gwangwani mai tsada ba. Wake, ƙosai, alale, awara, gyaɗa, ƙuli-ƙuli, nono, kifin panla, duk suna nan a bakin layi. Dafaffen waken nan ewa agoyin da burodin Agege da muke raina wa, abincin ɗan tsere ne na sosai. Tuwo da shinkafa da doya su ne man da ake ƙonewa a fili, wanda ya yanke su ya yanke gudu. Don jini kuwa, hanta da jan nama da zogale da alayyahu, a bi da lemon zaƙi. Shayi yana rage shigar ayon cikin jiki, don haka a ba shi tazarar awa guda da abinci, ko da mai shayin unguwa zai ji haushina.

Ruwa ma lissafi ne. Zafin Legas mai damshi ne, gumi na zuba ba ya bushewa, kuma asarar kashi 2 cikin 100 na nauyi ta hanyar gumi, kilo 1.2 ga mai kilo 60, ta isa ta rage juriya. Nan ne kaɗai nake ganin amfanin sikeli a filin makaranta: a hau kafin atisaye, a hau bayansa, bambancin shi ne ruwan da za a mayar. Da azumi kuwa a matsar da atisaye mai nauyi zuwa bayan shan ruwa, kada kuma a yi wasa da sahur.

Maƙwabcin nawa na ba shi shawarar ya kai yarinyar gwajin jini, mahaifiyarta kuma ta tambaye ta maganar al'ada a keɓe. Na ce a saya mata ƙaramin littafi, duk mako biyu ta rubuta daƙiƙoƙin da ta yi a mita 400, da awannin barcinta, da ranakun da ta tashi a gajiye. Ta koma karyawa da koko da ƙosai. Mahaifin ya ce zai je ya ga malamin da kansa ranar Litinin, bayan an sauke motar albasa.